Abin da ke Hana Harsashin Haɗin Gida Shiga Bindiga

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, maharba da masu gasar harbi da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Sukan tattara shi, su wanke, su sake cika shi da kayan da doka ta halatta musu saye. Kamfanoni irin su RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a Kalifoniya a 1943, da Lee da Hornady da Lyman, suna ƙera musu kayan aikin. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Wata matsala da masu sake cika harsashi suke yawan kuka da ita ita ce harsashi ya ƙi zama a mazauninsa, sakatar bindiga ta ƙi rufuwa.

Harsashin bindigar zamani kashi huɗu ne: kwanso, albarushi, 'yar hular da ke gindin kwanso mai tayar da wuta, da ƙwayar da ke fita. Kwanson na tagulla ne, kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Sau da yawa siffarsa ta kwalba ce: yana da jiki da kafaɗa da wuya, ƙwayar tana zaune a cikin wuyan. Mazaunin harsashi da ke gindin bututun bindiga an sassaƙa shi da wannan siffa, da ɗan sarari ƙalilan. Hukumomi biyu ne ke tsara awonsa: SAAMI da aka kafa a Amurka a 1926, da C.I.P. ta Turai da ta samo asali a 1914. A harsashin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, tsawon kwanso bai kamata ya wuce inci 2.015 ba, wato milimita 51.18, kuma ƙarfin matsin da aka yarda da shi ya tsaya a fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci.

Wannan matsi shi ne tushen matsalar. Idan aka harba, kwanson yakan kumbura ya cika mazaunin taf, sannan ya ɗan saki, amma ba ya komawa yadda yake da fari. Don haka kafin a sake cika shi sai an tura shi cikin wani mazubin ƙarfe da ke matse shi ya dawo da awonsa. Yawancin harsasan da ke ƙin shiga, a nan aka yi musu sakaci. Idan mazubin bai sauko sosai ba, jikin kwanso ya matsu amma kafaɗar ba ta koma baya ba, wani lokaci ma matsar jikin ce ke tura ta gaba. Harsashin zai shige kusan duka, sai sakata ta cije a juyin ƙarshe. Abin da ƙwararru ke nema a bindiga mai sakatar hannu shi ne kafaɗar ta koma baya da kimanin inci 0.002, wato milimita 0.05, kusan kaurin silin gashi. Wanda ya zarce wannan da yawa ya sayi wata matsalar: kwanson zai riƙa miƙewa a kowane harbi har ya tsage kusa da gindi.

Kwanson da aka harba a wata bindiga daban ma yakan ba da wahala, musamman na soja da ya fito daga bindiga mai sarrafa kanta, wadda mazauninta ya fi faɗi. Gindinsa yakan kumbura a wurin da mazubin yau da kullum ba ya kaiwa. Haka kuma masu matse wuya kaɗai su bar jikin kwanso: bayan harbi kaɗan sai sakata ta fara nauyi.

Dalili na biyu shi ne tsawo. Duk lokacin da aka harba kwanso aka matse shi, tagullar takan gangaro wajen wuya, kwanson ya ƙara tsawo. Idan ya wuce iyaka, bakinsa zai daki ƙarshen mazauni. Wannan ya fi na farko haɗari, domin idan aka danna da ƙarfi bakin zai shaƙe ƙwayar, matsi ya haura abin da bindiga za ta iya ɗauka. Shi ya sa littattafan wannan fanni suka ce a datse kwanson .308 ya dawo inci 2.005.

Na uku ya shafi ƙwayar kanta. A gaban mazauni akwai ɗan wuri mai santsi kafin a kai tsagogin da ke murɗa ƙwaya a cikin bututu. Ƙwayar da ba a tura ta cikin wuya yadda ya kamata ba takan tokari tsagogin. Alamar ba ta ɓuya: idan aka zaro harsashin za a ga 'yan shaidu masu ƙyalli jere a kewayen ƙwayar. Wani lokaci ƙwayar takan maƙale a bututu, kwanso ya fito shi kaɗai, albarushi ya zube a cikin bindiga. Ƙwayoyi biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta a siffar hanci, saboda haka awon da ya yi wa ɗaya daidai ba lalle ne ya yi wa ɗayar ba.

Akwai kuma ƙananan dalilai. Matse bakin kwanso fiye da kima yakan sa kafaɗa ta lotsa, ta yi ɗan tudu da yatsa ke ji kafin ido ya gani. Hular gindi da ba ta nutse daidai ba takan hana sakata rufuwa, kuma tana iya tashi tun bindiga ba ta gama kulluwa ba. Wuya mai kauri da yawa ma yakan cije. Wani sa'in laifin na bindigar ne: dauɗa ko tsatsa ko guntun tsohon kwanso a cikin mazauni.

Binciken yana da tsari. Da farko a tsabtace mazauni, a gwada harsashin kamfani. Idan shi ma ya ƙi, bindigar ce ke bukatar gani wajen mai gyara. Idan ya shiga, sai a gwada kwanson da aka matse, babu ƙwaya babu albarushi. In ya cije, laifin na matse kwanson ne ko na tsawo. In ya shiga lafiya, to matsalar ta faru ne a wajen sanya ƙwaya. Masu aikin sukan shafe harsashin gwaji, wanda ba shi da albarushi ko hula, da baƙin alƙalami, su sa shi a hankali su zaro: inda tawadar ta goge, nan ne yake gogar ƙarfe. Akwai kuma magwajin ƙarfe irin na kamfanin L.E. Wilson, da ake jefa kwanso a ciki a ga ko gindinsa ya yi daidai da baki.

Shigar harsashi ma ba ita ce shaidar lafiya ba. Harsashin .300 Blackout yana iya zama a mazaunin .223 Remington, alhali ƙwayarsa ta fi ramin bututun girma, kuma harba shi yakan tarwatsa bindiga. Don haka ƙa'idar masu wannan aiki ɗaya ce: harsashin da ya ƙi shiga ba a tilasta shi da dukan sakata. A cire shi, a auna, a gano dalili, in bai gyaru ba a warware shi.