Ciyawar Loko: Gubar Da Ke Haukata Dabbobi A Yammacin Amurka

A filayen kiwo na yammacin Amurka, tun daga jihar Montana a arewa har zuwa Tekzas da Niyu Meziko a kudu, akwai wata ciyawa wadda masu garke suka fi shekara 150 suna kuka da ita. Ana kiranta loko, wato mahaukaci da harshen Sifaniyanci, saboda yadda take juya hankalin dabbar da ta dimanci cinta. Ciyawar dangin wake ce, tana yin fure fari ko shuɗi-shuɗi, tana kuma yin 'ya'ya cikin kwanso. Masana tsirrai sun sa ta cikin zuriya biyu, Astragalus da Oxytropis, amma ba dukkan 'ya'yan waɗannan zuriya ke da gubar ba, har ma akwai waɗanda ake shukawa don harawa.

Gubar ba ta kisa farat ɗaya, kuma wannan shi ne muninta. Sai dabba ta yi mako biyu ko uku tana ci kafin a ga alama. Da farko za ta yi sanyi, ta ware daga garke, gashinta ya dushe, idanunta su yi kamar ba ta gani. Daga nan sai rama, da tangaɗi, da firgita ba dalili. Saniya ko tunkiya mai ciki takan yi ɓari, ko kuwa ta haifi ɗa mai karkatattun ƙafafu. Bijimai da raguna kuma ƙarfin barbararsu ya ragu. A wurare masu tudu ƙwarai, shanu sukan haɗu da ciwon zuciya, ƙirjinsu ya kumbura da ruwa. Doki ya fi kowace dabba shan wuya. Wanda ciyawar ta taɓa sosai, ko da ya yi ƙiba daga baya, ba a sake amincewa da shi wajen hawa, don yana iya zabura ya faɗi da baya da mahayinsa a kai.

Tun cikin 1873 aka fara rubuta rahoton cutar a Amurka, amma an daɗe ana lalube cikin duhu. A 1881 jihar Kolorado ta kafa dokar biyan lada ga duk wanda ya tuge ciyawar ya kawo wa hukuma. Kafin a soke dokar a 1885, baitulmalin jihar ya fitar da kusan dala 200,000, ciyawa kuwa tana nan daram, domin irinta yana iya kwanciya cikin ƙasa shekaru da yawa yana jiran damina mai albarka. A 1909 ne wani masani na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, C. Dwight Marsh, ya buga sakamakon gwajin da ya yi na ciyar da dabbobi da ita, ya tabbatar cewa lalle ita ce sanadi. Ainihin gubar kuwa sai a 1979 aka gano ta, kuma ba a Amurka ba, a Ostireliya, cikin wani tsiro mai suna Swainsona wanda ke yi wa tumakin can irin wannan ɓarna. Daga sunan tsiron aka laƙaba mata suna suwensonin, kuma a 1982 aka same ta cikin loko. Abin mamaki, bincike na farkon wannan ƙarni ya nuna ba ciyawar ce ke sarrafa gubar ba. Wata funfuna ce da ke zaune cikin jikinta, tana bin iri daga uwa zuwa 'ya.

Yadda take aiki shi ne, a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin dabba akwai sinadarin da ke narkar da ragowar wasu nau'o'in sukari don a fitar da su. Suwensonin tana hana wannan sinadari aikinsa, sai shara ta yi ta taruwa har ƙwayar ta kumbura ta kasa aiki. Hanta da ƙoda sukan murmure idan aka janye dabba da wuri. Ƙwaƙwalwa kuwa, abin da ya mutu a cikinta ya mutu ke nan, kuma har yau babu maganin da likitocin dabbobi ke bayarwa ya warkar.

Shekara da shekaru masu kiwo sun ɗauka cewa dabba kamuwa take yi da son ciyawar, kamar yadda mashayi ke kamuwa da taba. Masu bincike na ɗakin nazarin tsirrai masu guba da ke Logan, jihar Yuta, sun nuna ba haka abin yake ba. Loko tana riga sauran ciyayi tsirowa da zarar ƙanƙara ta narke, tana kuma yin kore a ƙarshen kaka lokacin da saura suka bushe. Dabba mai yunwa ba ta ƙin ɗanyen ganye, kuma 'yan'uwanta suna koyi da ita. Da ciyawa mai kyau ta fito, yawancinsu sukan bar loko don kansu. Saboda haka dabarar da ta fi amfani ita ce keɓe fili mai tsabta don waɗannan makonni na hatsari, da rage yawan dabbobi a makiyaya, da fitar da duk wadda aka ga ta fara ci. Fesa magani yana kashe ciyawar, amma da tsada, kuma sai an maimaita. Busasshen kararta ma bai rabu da guba ba.

Ba Amurka kaɗai ke da wannan matsala ba. A ƙasar Sin, loko ta mamaye makiyaya masu yawa a Tibet da Mongoliya ta Gida, musamman inda kiwo ya yi yawa har ƙasa ta gaji. A nahiyar Afirka kuma akwai wani tsiro, Ipomoea carnea, ɗan asalin ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka, mai fure kamar na dankali, wanda ake dasawa a yi shinge. Shi ma yana ɗauke da suwensonin. An rubuta rahoton yadda yake halaka awaki a Sudan, kuma a 1999 aka tabbatar da gubar cikin wanda awakin Mozambik suka ci, galibi da rani, lokacin da ba sauran wani kore a daji sai shi.