Mari Antuwanet da Giɓin Baitulmalin Faransa: Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A 1787 mutanen Faris suka laƙaba wa Mari Antuwanet, matar Sarki Luwi na 16, sunan Madam Giɓi, bisa zargin ita ta cinye baitulmali. Lissafin da aka miƙa wa sarki a 1788, kamar yadda masanin tarihi Albert Soboul ya kawo shi, ya nuna kuɗin kashewa liba (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 629, kuɗin shiga miliyan 503. Giɓin ya kama miliyan 126, wato kashi 20 cikin 100 na abin da ake kashewa.

Biyan bashi ya ci miliyan 318, fiye da rabin kasafin. Wani ɓangare na bashin ya samo asali ne daga yaƙin da Faransa ta shiga a 1778 don taya Amurka neman 'yanci daga Ingila. Soja, rundunar ruwa da jakadanci sun ɗauki miliyan 165, kashi 26 cikin 100.

Fada da masu cin fansho a ƙarƙashinta sun samu miliyan 36, kusan kashi 6. Idan aka ɗauki kasafin a matsayin buhun masara 100, buhu 50 na masu bin bashi ne, 26 na soja, 6 na fada. Ko da an rufe fadar baki ɗaya, giɓin miliyan 90 zai rage. Sai dai ilimi da taimakon mabuƙata miliyan 12 kawai suka samu, sulusin rabon fada, kuma a nan ƙorafin talakawa yake da tushe.

Takardun ma'ajin tufafin sarauniya sun nuna an ware mata liba 120,000 a shekara, amma a 1785 ta kashe kimanin 258,000, fiye da ninki biyu. A kan kasafin 1788, adadin bai kai kashi 1 cikin 2,000 ba. A idon lebura kuwa lissafin daban ne. Masanin tarihi George Rudé ya ƙiyasta ladan leburan gini a Faris liba ɗaya da rabi a yini, don haka tufafin shekara guda sun yi daidai da ladan yini 172,000.

Aurenta da Luwi ma yana da nasa alƙaluman. An ɗaura shi a watan Mayu na 1770, tana da shekara 14, ango 15. Haihuwar fari ta zo a Disamban 1778, bayan shekara 8 da wata 7, kuma mace ce, alhali dokar Faransa namiji kaɗai ta yarda ya gaji sarauta. Ɗa namiji sai a Oktoban 1781. A tsawon shekarun nan 11 ne takardun ɓatanci suka yaɗu a kan sarauniya, baƙuwar da aka auro daga Ostiriya.

Sai kuma sarƙar lu'ulu'u da aka zargi sarauniya da yin odarta a 1785, wadda kuɗinta ya kai liba miliyan 1.6, rubu'in kashi 1 cikin 100 na kasafin 1788. Shari'a ta tabbatar da cewa wata mata mai suna Jeanne de la Motte ce ta yaudari Kadinal Rohan da sa hannun jabu, sarauniya ba ta yi odar sarƙar ba. Ranar 31 ga Mayu, 1786, kotun Faris ta wanke Rohan, wanda sarki ya sa aka kama, jama'a kuma suka tarbe shi da sowa a bakin kotu.