"Ai Ganye Ne": Hattara da Garin Kratom Kafin Ya Shigo Buhunanmu

Babu dillalin da ya kai kalmar nan ta "ai ganye ne" iya sayar da kaya. Da an faɗe ta, mai saye ya saki jiki, uwa ta daina tambaya, mu 'yan kasuwa kuma mu buɗe buhu. Mun taso da imanin cewa abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Amma zaƙami ma ganye ne, kuma kowa ya san yadda yake juya kan mutum. Tabar wiwi, wadda a nan Sudan ake kira bango, ita ma a gona take fitowa.

Na haura shekara ashirin ina sana'ar kayan yaji da na gargajiya tsakanin babbar kasuwar Umdurman da Suk Libya. Na sayar da hulba da habbatus sauda da zoɓorodo da bagaruwa da filasko, wanda Larabawan nan ke kira sanamakka. Duk waɗannan akwai abin da ke tare da su wanda ba a auna shi a sikeli, wato sanin ƙa'idarsu. Kowace tsohuwa a unguwar Mayo ta san yawan filaskon da ake jiƙa wa babba, ta san ba a ba mai ciki, ta san idan ya yi yawa mutum zai kwana a bayan gida. Ganyen da iliminsa tare suka zo, kaka ta ba uwa, uwa ta ba 'ya.

Tun da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita kasuwannin Khartum, da yawanmu jari ya karye. Waɗanda suka dawo suna neman duk hajar da za ta tashe su da wuri. A irin wannan hali ne wani matashi mai yi mana odar kaya daga ƙasashen Asiya ya nuna mini hoton wani koren gari a wayarsa. Ya ce, "Baba Alhaji, wannan shayin ƙarfi ne. 'Yan dako da masu raksha za su yi rububinsa, kuma ba ƙwaya ba ce, ganye ne." Na ce masa, "Yaro, mene ne sunansa?" Ya ce kratom. Na ce ya dakata tukuna, na sa ɗana ya taya ni bincike. Ga abin da ya kamata kowane falke ya sani.

Kratom ganyen wata bishiya ce da ke fitowa a Tailan da Malesiya da Indonesiya. Masana na kiranta Mitragyna speciosa, dangin bishiyar kofi ce. Abin mamaki, 'yar'uwar giyayyar nan ce tamu ta fadama, wadda ake dafa ganyenta don zazzaɓi, sai dai zama dangi ɗaya bai sa aikinsu ya zama ɗaya ba. A can ƙasarsu manoma da masunta sun daɗe suna tauna ɗanyen ganyen don su jure aiki cikin rana, kamar yadda muke yi da goro. Amma abin da ake fitarwa waje busasshen gari ne, da ƙwayoyi, da tataccen ruwa mai ƙarfin gaske. Ganyen ya baro gida, ya bar ƙa'idarsa a baya.

A cikinsa akwai sinadarin da ake kira mitragynine da wani ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi. Wurin da suke kamawa a ƙwaƙwalwa shi ne dai wurin da tramadol da kodin suke kamawa. Kaɗan yana wartsakar da mutum, da yawa yana kashe jiki ya kawo gyangyaɗi. Wanda ya saba da shi kullum, ranar da bai samu ba sai ciwon gaɓoɓi, majina, rashin barci da saurin fushi. Likitoci sun ga waɗanda hantarsu ta taɓu har idonsu ya yi shawara, da waɗanda suka yi farfaɗiya, da jariran da aka haifa suna karkarwa saboda uwa tana sha da ciki. Idan aka haɗa shi da maganin barci ko tramadol, numfashi na iya tsayawa.

Sannan ga matsalar da mu 'yan kasuwa muka fi kowa sani: gari ba ya faɗin abin da aka zuba masa. A ƙasar Suwidin mutum 9 suka mutu bayan shan wani haɗi mai suna Krypton, da aka bincika sai aka tarar an cakuɗa kratom ɗin da wani sinadari dangin tramadol. A Amurka, a 2018, mutum 199 a jihohi 41 suka kamu da cutar gudawa ta salmonella daga gurɓataccen garinsa. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta sanar da samun dalma a wasu samfuran da ta gwada. Idan haka ta faru a inda ake da ɗakunan gwaji, ina ga buhun da zai kwana a kwantena har Port Sudan, ya iso rumfa ba takarda?

Dokarsa kuwa kowace ƙasa da tata. Tailan ta haramta shi a 1943, sannan ta cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi a 2021. Malesiya, maƙwabciyarta, ta sa sinadarinsa ƙarƙashin dokar guba. A Amurka hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi shelar za ta haramta shi a 2016, jama'a suka yi ca, ta janye, shi ya sa yau wata jiha ta hana, wata ta bari. A Birtaniya dokar 2016 ta hana sayar da shi don sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba shi a 2021, ta bar shi a jerin abubuwan da ake sa wa ido. Ke nan abin da ka saya a fili a Bangkok yana iya zama hujjar ɗaure ka a filin jirgi na gaba.

Wannan ba baƙon darasi ba ne gare mu. Goro halal ne a Kano, halal ne a Umdurman, amma duk shekara hukumar alhazan Najeriya tana gargaɗin maniyyata kada su shiga da shi Saudiyya, ƙasar da hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi ke kaiwa ga kisa. Maganin tari mai kodin ma a kantin magani ya fara, da sunan magani, har sai da ya cinye matasa maza da mata a Arewa kafin gwamnatin Najeriya ta hana shi a watan Mayun 2018. A nan Sudan akwai dokar miyagun ƙwayoyi ta 1994, akwai kuma hukumar ƙasa mai kula da magunguna da guba, wadda ke rajistar magani. Jami'in kwastan ba zai karɓi "ai ganye ne" a matsayin takarda ba.

Saboda haka, 'yan'uwana fatake, duk garin da aka kawo muku ku nemi abu uku. Ku nemi sunansa na asali, ba sunan talla irin "shayin ƙarfi" ba. Ku nemi takardar rajistarsa, ta wannan hukuma ta Sudan ko ta NAFDAC idan Najeriya za shi. Ku tambayi dokar kowace ƙasa da kayan za su ratsa. Kuma kada kunya ta sa ku karɓi saƙon ƙulli a tashar Sawakin ko a filin jirgi ba ku buɗe ba, ko na ɗan'uwa ne.

Ku kuma iyaye mata, idan yaro ya fara shan wani koren shayi a ɓoye, yana ramewa, ba ya cin abinci, yana hasala idan ya ƙare, kada a tsaya zagi. A kai shi wurin likita tare da ragowar garin, don yanke shi dare ɗaya yana wahalarwa, wasu sai da taimakon asibiti.

'Yan dakon da ake so mu sayar wa wannan gari, da yawansu 'ya'yanmu ne. Yaƙi ya riga ya ci musu makaranta da gida. Ribar da za a samu daga gajiyarsu ba za ta yi albarka ba. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mana zuri'a.