Betty Boop, mawaƙiyar da ta fara da kunnuwan kare

A watan Agustan 1930 kamfanin Max Fleischer da ƙanensa Dave, a birnin New York na Amurka, ya fitar da wani ɗan gajeren fim na zane mai motsi, baƙi da fari, mai suna Dizzy Dishes. Jaruminsa wani kare ne, Bimbo, yaron kai abinci a gidan rawa. Wani ƙaton goggon biri ya nemi a kawo masa gasasshiyar agwagwa, ya zauna yunwa na cin sa. Bimbo ya ɗauko abincin ke nan sai ya yi arba da wata mawaƙiya a kan dandamali. Shi ke nan, ya manta da mai jira, ya hau tiƙar rawa da agwagwar.

Mawaƙiyar 'yar rakiya ce kawai, ko suna ba a raɗa mata ba. Grim Natwick ne ya zana ta, rabi mace rabi karya: manyan idanu, ɗan baƙin hanci, kunnuwa suna reto har wuya. Gaskiya ba ta da wani kyan a zo a gani. Amma 'yan kallo suka so ta, aka yi ta dawo da ita. Zuwa 1932 kunnuwan sun rikiɗe sun zama 'yan kunne masu zobe, ta zama cikakkiyar mace mai suna Betty Boop, Bimbo kuwa ya koma mai take mata baya.

Muryar Betty ce ta jawo rigima. Siririyar murya ce ta shagwaɓa, irin wadda mawaƙiya Helen Kane ta yi suna da ita. A 1932 Kane ta maka Fleischer da kamfanin Paramount a kotu, tana neman diyyar dala 250,000. Duk wanda ya haɗa hoton Kane da na Betty zai ga kamar an tsaga kara, don haka ƙorafinta ba na banza ba ne. Sai dai a zaman shari'ar na 1934 an kawo shaida cewa wata yarinya baƙar fata, Baby Esther, ta riga ta wannan salo. Alƙali ya ce Kane ta kasa tabbatar da cewa salon nata ne, ya kori ƙarar.

A shekarar ce kuma aka tsaurara dokar tace finafinai ta Hays. Aka tsawaita wa Betty siket, aka rage mata rawar kai, farin jininta ya yi ta ja da baya har aka daina jerin finafinanta a 1939.