Fitilar Mota Ta Kama: A Auna Kafin A Sayi Sansa

Yau za mu ɗan ajiye muciya da ludayi, mu leƙa ƙarƙashin mota. Na san wata za ta ce, "To ni da ko zaure ba na leƙawa, ina ruwana da injin mota?" Ki yi haƙuri ki saurara, 'yar'uwa. Kuɗin man motar maigida da kuɗin cefanenki daga aljihu ɗaya suke fita. Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace uwargida ta gani a tukunyarta. Sannan akwai da yawa a cikinmu da suka haɗa kuɗin adashi ko na gado suka sayi mota, suka ba direba yana haya yana kawo balas. Duk ranar da aka ce mota tana gareji, ai gare su ake aiko da lissafi. Don haka maganar tamu ce.

Abin da za mu tattauna shi ne wata matsala guda ɗaya da ke yawan kunna wata fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba, mai kama da hoton inji, wadda makanikai ke kira cek injin. Sau da yawa idan ta kama, sai a ce, "Sansa ce ta mutu, sai an sayi sabuwa." Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma abin da ya lalace bai kai kuɗin kwanon gishiri ba. Bari mu ga yadda ake rabe su.

Mu fara da murhunki. Idan kika cusa itace da yawa kika toshe hanyar iska, me kike gani? Hayaƙi baƙi, ido na hawaye, itace na ƙarewa, tukunya ba ta tafasa ba. Idan kuma iska ta yi yawa itace ya yi kaɗan, sai wutar ta yi ta mutuwa. Haka injin mota yake. Fetur shi ne itacensa, kuma yana buƙatar iska daidai gwargwado: a nauyi, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Abin da ke kama wuta da fetur ɗin shi ne wani sinadari da ake kira oksijin, wanda ya kai kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa.

Ke da idonki kike duba hayaƙi ki gyara wuta. Ita mota fa? Tana da 'yar kwamfuta da makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, tana kuma da wani ɗan ƙarfe mai tsayin yatsa da aka ɗaura a jikin bututun salansa, kansa na cikin hayaƙi. Shi ne sansar oksijin. Aikinta ɗanɗana hayaƙi, kamar yadda kike ɗanɗana miya ki ji gishiri. Idan ta ji oksijin ya yi saura da yawa, sai ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon lantarki ɗan ƙarami, kusan bolt 0.1, ma'ana mai ya yi kaɗan. Idan babu saura, sai ta aika kusan bolt 0.9, ma'ana mai ya yi yawa. Da wannan ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa, ba hutawa, muddin inji na aiki. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Yawancin motocin da ke kan titunanmu suna da biyu, ɗaya kusa da inji, ɗaya a can baya. Manyan injina suna iya kai huɗu.

To ga inda gizo ke saƙar. Sansar nan ba ta iya ɗanɗano sai ta yi zafi, sama da digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, wato ninki uku na zafin tafasasshen ruwa. Irin ta sababbin motoci ma tana neman fiye da haka. Masu waina sun san wannan: ba a zuba ƙullu sai tanda ta ɗau zafi. Idan aka jira hayaƙi kaɗai ya ɗumama ta, za a daɗe, musamman da asubar hunturu. Saboda haka aka saka mata 'yar hita a cikin cikinta, wata siririyar waya mai yin zafi idan wuta ta ratsa ta, irin wadda ke cikin dutsen guga. Ita ke gasa sansar da wuri, ta kuma hana ta hucewa idan mota ta tsaya a cunkoso inji na aiki a hankali.

Idan hitar nan ta daina aiki, mota ba za ta tsaya ba. Za ta tashi, za ta yi tafiya, shi ya sa mazajenmu ke cewa, "Ai lafiyarta ƙalau, fitila ce kawai." Amma ƙwaƙwalwa ta zama mai girki da ba ta ɗanɗano, sai ta koma zuba mai da kirdado, kuma kirdadon nata ya fi karkata ga yawa. Idan sansar gaba ce, za a ga mota na shan mai fiye da da, musamman mai gajerun tafiye-tafiye irin kai yara makaranta, hayaƙi na wari, fulogi na yin baƙi. Idan ta baya ce, shan man ba ya canjawa sosai, domin ita mafi yawan aikinta sa ido ne a kan matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Duk da haka a gyara, don fitilar da ta zauna a kunne tana rufe ido ga wata sabuwar matsalar idan ta zo.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike, abin da ake cewa "a sa wa mota kwamfuta". Sai ta fitar da lamba. P0135 na nufin matsala a layin hitar sansar gaba. P0141 layin hitar ta baya. P0155 da P0161 su ne takwarorinsu a ɗaya ɓangaren, a injin da ke da ɓangare biyu. Ana kuma ganin P0030, P0031 da P0032. Ki lura da kyau, na ce layi. Na'urar ba ta ce sansa ta mutu ba. Cewa ta yi wuta ba ta gudana yadda ya kamata a wani wuri a kan hanya, kuma hanyar doguwa ce: daga batir zuwa fis, a wasu motocin ta bi ta rile, ta bi waya zuwa soket, ta ratsa hita, sannan ta koma ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ke kunnawa da kashewa.

Idan dutsen gugarki ya ƙi zafi, kina aika yaro kasuwa ya sayo sabo nan take? A'a. Kina dubawa ko an ɗauke wuta, ki gwada wani soket, ki duba ko ɓera ya ci waya. Haka ya kamata mai gyaran wutar mota, wato riwaya, ya bi abin daki-daki.

Na farko, fis. Shi ne mafi arha, kuma dubawa ba ta wuce minti biyu. Akwai wata alama a nan: idan lambobi biyu suka fito tare, misali P0135 da P0141, da wuya a ce hita biyu sun mutu rana ɗaya. Zargi ya fara sauka a kan fis ko wayar da suke tarayya a kai. Idan aka sa sabon fis ya sake ƙonewa, to akwai wayar da ta fiƙe tana taɓa ƙarfe. Kada a yarda a sa fis mai lambar da ta fi ta asali, ko a ɗaure gurbin da waya. Haka mota ke kamawa da wuta.

Na biyu, ido. A bi wayar sansar a gani. Kusa da salansa take, tana iya kwanciya a kai ta narke. Ramukan hanya na iya fizge ta, ruwan damina na shiga soket ya yi tsatsa, ɓera kuma yana son motar da ta daɗe a ajiye a gida.

Na uku, mita. Bayan inji ya huce, sai a zare soket ɗin sansar. Mai waya huɗu, biyu daga ciki na hita ne, kuma galibi launinsu ɗaya: baƙaƙe a ta Denso, farare a ta Bosch. Sai a ɗora mita a kansu a auna yadda hitar ke tare wuta, awon da ake kira om. Lafiyayya tana nuna ƙaramar lamba. A motocin Toyota da yawa daga 11 zuwa 16 ne, wasu sababbin sansoshi kuma ba sa kai 4, don haka sai an duba adadin da aka ƙayyade wa wannan motar. Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ciki ta tsinke, sansa ta mutu, babu gardama. Idan lamba ta yi daidai, a bar sansa ta sarara, laifin ba nata ba ne.

Na huɗu, a murɗa makulli a auna ɗaya bakin soket ɗin, wanda ya taho daga mota. Ya kamata a sami wutar batir, kusan bolt 12. Wasu motocin sai an tayar da inji take zuwa. Idan babu, matsalar tana baya, a fis ko rile ko waya. Idan akwai, sai a bi wayar da ke komawa ƙwaƙwalwa a tabbatar ba ta tsinke ba. Ita ƙwaƙwalwar ce ƙarshen zargi, don ba kasafai take lalacewa ba, kuma ita ce mai tsada. Wanda ya fara da ita, a yi hattara da shi.

Idan an tabbatar sai an sayi sansa, a sayi mai lambar da ta dace da motar, domin ta gaba da ta baya ba lallai su zama iri ɗaya ba. Idan ta hannu ce, 'yar Beljiyam, a auna hitarta da mita a shagon kafin a biya. Bayan gyara a goge lambar da na'ura, a yi kwana biyu ana hawa. Idan fitila ba ta dawo ba, aiki ya yi.

Ke da kike cikin gida, ga naki aikin, kuma da wayar hannunki za ki yi shi. Ki ce wa direba, "Malam, don Allah ɗauko mini hoton lambar da kwamfuta ta nuna, da hoton mita lokacin da ake awo." Ki tambaya, an duba fis? Akwai wuta a soket? Ki ce a kawo miki tsohuwar sansar gida. Idan motar maigida ce, sai ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, "Maigida, na ji an ce fitilar nan wani lokaci fis ne kawai, da dai ka sa an auna kafin a sayi wani abu." Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya, shi ma ya fi son aikin da ba zai dawo masa ba.

Abu uku kafin mu rabu. Kada a yarda a cire ƙwan fitilar a ce an gyara. Gwajin mai sauƙi ne: idan aka murɗa makulli kafin a tayar, dole ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Kada kuma a yarda a fasa matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, da sunan maganin wannan matsala. Ba ruwanta da layin hita, kuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa take da masu saye. Na ƙarshe, wanda ya fi duka: kada a bar mota tana ɗumi a rufaffen gareji ko kusa da tagar ɗakin yara. Hayaƙinta na ɗauke da guba marar wari irin ta janareta, kuma motar da ke zuba mai da yawa ta fi fitar da ita. Idan kuma aka ga fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya, wannan wata cuta ce daban mai gaggawa, a kai mota gareji ba tare da jinkiri ba.

Nan za mu dakata, 'yan'uwa. A gaida maigida da yara. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.