Awa ɗaya da rabi daga Legas zuwa Kano? A sake lissafi

Mutanen Agege sun saba da rugugin jiragen da ke sauka a filin Murtala Muhammed na Ikeja, har wasu na ganin filin kamar a bayan gida yake. Wannan kusancin ne ke sa wani ɗan'uwanmu ya sayi tikitin safiyar Juma'a, alhali bayan an sauko daga masallaci za a ɗaura auren ƙanwarsa a Kano.

A sama, tsakanin Legas da filin Malam Aminu Kano wajen kilomita 830 ne, jirgi kan ci su cikin awa ɗaya da rabi. Ta mota kuwa hanyar ta kai kilomita 1,000, yini da dare ake yi. Legas zuwa Abuja kilomita 500 ne da ɗoriya, awa ɗaya da 'yan mintuna, Abuja zuwa Kano kuma ba ya wuce awa. Duk gaskiya ne, amma fa lissafin matuƙi ke nan. Na fasinja tun daga ƙofar gidansa yake farawa.

A hanyar Agege zuwa filin, gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage wahala, sai dai cunkoson Mangoro da Ikeja Along na nan daram. Sannan wurin tashin jiragen cikin gida biyu ne, MMA2 da tsohon wurin da ake kira GAT. Wanda bai duba tikitinsa ba sai ya sauka inda kamfaninsa ba ya nan, kafin ya ɗauko kaya ya ƙarasa an rufe kantar awo. A isa da ratar awa biyu.

Mai zuwa Sakkwato ko Katsina ya tambaya da kyau: jirgin kai-tsaye ne, ko sai an yada zango a Abuja? In da zango, tafiyar da bai kamata ta kai awa biyu ba tana iya cinye yini. Na Zariya kuma a Kaduna ko Kano zai sauka ya shiga mota.

Babban mai ɓata shiri shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ƙurar hunturu ta rufe Kano, matuƙi ba ya hango titin sauka, sai a jinkirta tashi ko a soke. Jirgi ɗaya kuma yakan yi sawu da yawa a rana, saboda haka lattin safe taruwa yake a kan na yamma, ga shi wasu ƙananan filayen ba a sauka cikinsu da dare. A ganina jirgin farko na safe ya fi kowanne aminci, mai ɗaurin aure kuwa ya tashi tun ranar Alhamis.

In an yi jinkirin, fasinja na da hakki. Ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce a jirgin cikin gida, bayan awa biyu kamfani ya ba shi abin taɓawa, bayan awa uku yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa, in kuma abin ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, a ba shi masauki. Hukumar na da teburin karɓar koke a filin. A guji 'yan kamashon da ke tallar tikiti a bakin ƙofa: in sunan da ke kai bai dace da na katin shaidarka ba, ba za ka hau ba.