Yadda Za Ka Gama 'Yan Tsaki Da Zakaran Da Ya Saura Shi Kaɗai

Ya kai manomi, ka san ɓarnar da annobar kaji, wadda ake kira fakat, takan yi da hunturu. Takan share akurki cikin 'yan kwanaki, har wani gidan ba abin da ke saura sai zakara guda. Sa'an nan mai gida ya sayo 'yan tsaki, ya sake su tsakar gida nan take, yana cewa ai ga ubansu nan. Kafin mako ya kewayo sai ka ji yana kukan hasara. Domin tsare ka daga wannan aka rubuta takardan nan.

Ka sani zakara ba uwa ba ne. Ba ya rufe tsako da fiffike, ba ya ɗumama shi. Wanda ya daɗe shi kaɗai kuwa ya riga ya ɗauki tsakar gida ƙasarsa, kowane baƙo ya shigo sai ya ɗanɗana masa baki. Sara guda a ka ya isa kashe tsako ɗan mako 2. Lalle akwai zakara mai haƙuri, wanda har yakan kira ƙanana ga abinci, amma ba ka sanin halin naka sai an gwada. To, ga yadda ake gwadawa ba tare da hasara ba.

Na fari, ka raba su sarai. Ka ajiye 'yan tsakin a wani ɗaki dabam, inda iska ba ta kaɗawa, har su yi mako 6, gama sai lokacin nan gashinsu ke cika. Ka ba su tsakin dawa ko na gero, da dusa, da dakakken ƙuli-ƙuli, da gara. Ruwansu a kasko marar zurfi, ka jefa tsakuwa ciki don kada su nutse. Rabuwan nan tana da wani amfani kuma: kazar da ta tashi daga ciwo takan iya ɗauke da shi ba a sani ba, tsakon kasuwa kuma yakan zo da nasa. Cikin kwanakin nan ka nemi malamin dabbobi ya ɗiga musu maganin rigakafin fakat a ido, su da zakaran duka, a kuma maimaita kowane wata 4. Ana yin irin maganin nan a ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924.

Na biyu, bari su ga juna ba su taɓa juna ba. In sun kai wata 3, ka yi musu shinge na kara ko na waya a tsakar gida, ka rufe samansa saboda shirwa. Ka riƙa zuba hatsi gindin shingen ciki da waje, su ci kusa da juna mako 2. In zakara ya bar tayar da gashin wuya, ya koma kiwonsa, ya fara sabawa ke nan.

Na uku, ka gama su da magariba, sa'ad da kaji suka natsu, lokacin da ƙananan suka kusa kai girman manya, watau wajen wata 4. Da asuba ka tsaya ka duba. Ka ajiye abinci da ruwa wuri biyu, ka jingina zana ko tsohon kwando inda mai gudu zai fake. Ɗan sara da kora ba laifi, haka kaji ke sanin babba. Amma in ka ga jini, ka fid da mai raunin nan da nan, domin kaji ba su barin jan wuri sai sun ƙara shi. Zakaran da ya dinga fid da jini, a mai da shi bayan shinge. In ya ƙi daina, tukunya ta fi dacewa da shi.

Zakara guda ya isa kaji 10. Samarin zakaru da suka fara cara, ka sayar ko ka ware su, gama za su yi ta faɗa da tsohon.

Ku dagatai da masu unguwa, ku karanta wa talakawanku wannan, ku kuma sa a yi rigakafin gari duka rana ɗaya kafin hunturu, domin kajin maƙwabta a juji guda suke kiwo. Sannu ba ta hana zuwa.